Ranar Martin Luther King a makarantunku: me kuka gani?

Yaya Babba: Salamu alaikum 'yan uwa masu karatu a Amurka. Litinin ta uku a watan Janairu, ranar hutun tunawa da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, ta matso, ƙannenmu da suka zo bana suna tambaya ko hutun barci ne kawai. Kowa ya faɗi abin da ya gani.

Ɗan Greensboro: Wa alaikumus salam Yaya. Mu a jami'ar A&T ta North Carolina, 1 ga Fabrairu ta fi armashi. A ranar ce a 1960 ɗalibai huɗu baƙaƙen fata na jami'ar suka zauna a wurin cin abincin kantin Woolworth da aka keɓe wa fararen fata, suka nemi kofi, aka hana su, suka ƙi tashi. Ana yin karin kumallo da sassafe, sannan a ajiye furanni a gindin mutum-mutuminsu. Ka duba fa, babu wanda ya kai shekara 20 a cikinsu.

'Yar Nashville: Ni horon rashin ramuwa na shiga, irin wanda James Lawson, abokin gwagwarmayar King, ya riƙa ba ɗalibai a garin nan tun 1959. Aka zaunar da ni kan kujera, hannu a cinya, wani ya tsaya a kaina yana zazzaga min baƙar magana, yana ture min kafaɗa. Sharaɗin shi ne kar ki ɗaga murya, kar ki sunkuyar da kai. Na san wasan kwaikwayo ne, amma wallahi sai da zuciyata ta tafasa. Duk wanda ya ce wannan hanya ta matsorata ce, ya zo ya zauna kan kujerar nan.

Malamin Lissafi: Namu dai jawabai ne zalla, manya suka yi ta tafa wa juna, masu shara kuwa suna bakin aikinsu ranar hutun. Da rana na bi masu cusa gwangwanaye da shinkafa a kwali don mabuƙata. Tun 1994 doka ta mai da ranar ta hidimar al'umma, kuma wannan ɓangaren ya fi min.

Ɗan Atlanta: A kwalejin Morehouse, inda King ya kammala karatu a 1948, wani dattijo ya ji ni ɗan Najeriya ne, ya riƙe min hannu ya ce mutumin nasu ya je Legas a 1960 wajen rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar. Yaya, ki ce wa sabbin zuwa su sa rigar sanyi mai kauri, tattakin tunawa da King a waje ake yi.