Ƙahon konet na kawuna: wace shekara aka ƙera shi?

Magajin Kawu: Assalamu alaikum. Kawuna ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini ƙahon konet na tagulla mai bawul uku, irin na 'yan badujala. A bakinsa mai faɗi an zana "Hawkes & Son, Denman Street, Piccadilly Circus, London", da kuma "Excelsior Sonorous Class A". Akwai lamba a jikinsa, sannan a akwatin akwai gajerun bututu guda biyu, ɗaya ya ɗan fi tsawo. Da na busa shi tare da kibod, sai na ji muryarsa ta haura kaɗan. Ba sayarwa zan yi ba, tarihinsa nake nema.

Tsohon Mabushi: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta masa. Ɗana, rubutun nan ya riga ya ba ka rabin amsa. Kamfanin ya koma Denman Street a 1895, kuma a 1930 ya haɗe da Boosey & Co. suka zama Boosey & Hawkes. Kenan ƙahonka na tsakanin shekarun nan ne. Turo hoton lambar, masu tara irin waɗannan kaya suna da jadawalin lambobi da shekarunsu.

Batun murya kuwa, ba lalacewa ba ce. Badujalar Ingila ta daɗe tana busa a kan tsohon ma'auni mai tsayi, wajen 452 (wato yawan kaɗawar sautin da ake kira A a daƙiƙa ɗaya), alhali kibod ɗinka yana kan 440. Sai a shekarun 1960 aka daina ƙera ƙahoni masu wannan ma'auni. Bututun nan biyu kada ka yar da su: gajeren na sautin da ake kira B-flat ne, dogon yana sauke muryar ƙahon kaɗan zuwa sautin A. Da wuya a samu tsohon ƙaho da nasa duka biyun.

Mai Gyaran Ƙaho: Roƙona ɗaya, Malam: kada ka goge shi da yashi ko sosan ƙarfe, zanen sunan zai tafi. Ruwan ɗumi da sabulu sun isa. Idan bawul ya cije, sa masa mai ka bar shi ya kwana, ban da filaya. Duba kuma ko akwai ɗigo-ɗigo ja a bututun farko, alamar tagullar ta fara ci daga ciki ce.

Magajin Kawu: Na gode, Baba. Na gode, Malam. Ɗigon ja babu, amma bawul na uku ya cije. Gobe zan turo hoton lambar in sha Allahu.