Ta yaya zan san ƙudurin da ya shafi kasuwancina kafin ya zama doka?

Rabi'atu: Salamu alaikum. Bara sai da jami'in haraji ya tsaya a ƙofata da takardar tara a hannu sannan na san an sauya dokar lasisi. Abin ya ci mini rai sosai. Yanzu majalisar jiha ta koma zama, ta ina zan fara bibiya?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki samo lambar ƙudurin, ki riƙa duba jadawalin zaman majalisa. Ki fi sa ido a matakin kwamiti, domin a can ake sauraron ra'ayin jama'a, ake kuma gyara sassa. Ki kai ƙorafinki a rubuce.

Usman: Ki kuma lura, ranar da gwamna ya sa hannu ba lallai ce ranar fara aiki ba. Dokar kanta takan faɗi ranar.