"Gemu ba ya hana ilimi": to, ilimi kala nawa?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum. Jiya da dare saura ƙiris a raba gari a gidanmu a kan karin magana. Tun da Baba ya yi ritaya ya tsiri koyon Faransanci a waya. Bayan wata biyu ya sayo fensira, wai zane zai koya. Yanzu kuma ya kwance agogon bango ya baza kayan cikinsa a kan tebur. Mama ta ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce gemu ba ya hana ilimi. Aka ce in yi alƙalanci, na sulale. Maganar gemun nan har da tsoho mai tsalle daga wannan fanni zuwa wancan?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Ɗana, Babanka ya ja maganar ta wuce inda aka ajiye ta. A kan girman kai aka yi ta. Babban da ke jin nauyin ya durƙusa gaban yaro ya ce "koya mini", shi ake faɗa wa. Ba ta yi alkawarin kan mai gemu zai ɗauka kamar na yaro ba.

Gwanin Musu: Malam, da girmanka, ban yarda ba. Cewa aka yi "ba ya hana". In kunya kaɗai ake nufi, me ya sa aka zaɓi gemu, alamar shekaru?

Uwar Biyu: Mu da Allah bai ba gemu ba fa? Namu ilimin wa zai hana?

Nas Mai Aikin Dare: Yaya Gwani ya fi kusa da abin da aka gani a asibiti. A shekarar 2000 wata mai bincike a Landan, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin. Kafin a ba su lasisi sai sun haddace tituna wajen 25,000, abin da ke cin shekara uku zuwa huɗu, kuma duk manya ne. Ta tarar ɓangaren da ke riƙe hanya da wurare ya fi na sauran mutane girma. A 2006 aka gwada su da direbobin bas, masu bin hanya ɗaya kullum, ba a ga wannan girman a nasu ba. Ga tuƙi, ga cunkoso, duk ɗaya. Koyon sabon abu ne bambancin.

Direba Mai Ritaya: 'Yata, shekara talatin ina bin hanya ɗaya, yau kin zage ni da ilimi.

Jikar Kaka: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya ji ƙanta. Ta haura saba'in ba ta san harafin boko ko ɗaya ba. Abin da ya tunzura ta kwalin magani ne. Kullum sai ta jira wani ya dawo ya karanta mata, ran nan ƙanena ya ce mata "Kaka, anjima", bai dawo ba sai dare. Washegari ta ƙwace littafinsa na aji ɗaya ta ce ni ce malamarta, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Har yau ina ganinta. Ta miƙa littafin can nesa da fuskarta, ta lashi bakin fensir, ta danna shi har takarda ta huje. "b" da "d" suka hana ta sakat wata guda cur, sai ta raɗa musu suna: ɗaya mai tumbi, ɗaya mai ƙusumbi. Daga ranar ba ta sake rikita su ba. In na yi dariya ta ce, "Ke, na wanke ki kina jaririya, ki koya mini da ladabi."

Da ta iya karatu muka ce an huta. Ina! Ta ce lissafi. Daga nan ta maƙale wa mai gyaran keken ɗinki har ta iya kwance nata ta mayar. Ta sa aka kawo mata taswirar duniya, ta liƙa a bango, duk ƙasar da ta ji a rediyo sai ta laluba ta da yatsa. Ranar da ta gano Japan tsibirai ce sai da kowa a gidan ya sani.

Amma zan faɗi gaskiya. Shekarunta biyu na ƙarshe mantuwa ta kama ta. Takan kira ni da sunan mahaifiyata. Abin mamaki, in ka miƙa mata kwalin magani sai ta karanta shi tsaf, sannan ta dube ka ta ce, "Kai ɗan wane ne?"

Uwar Biyu: Allahu akbar. Allah ya gafarta mata. Kin sa ni hawaye.

Gwanin Musu: Amin. To amma kun ga, duk da karatun bai hana ta ruɗewa ba.

Nas Mai Aikin Dare: Yaya, ai ba rigakafi ba ne. Abin da likitoci ke cewa, koyo yana tara wa ƙwaƙwalwa guzuri, in cuta ta zo ta daɗe ba ta nuna kanta ba. Hawan jini, suga, rashin ji da kaɗaici duk suna da nasu hannun. Batun taura uku kuwa, a jami'ar Kalifoniya da ke Riverside an sa dattawa 'yan shekara 58 zuwa 86 koyon aƙalla abu uku a lokaci guda, irin su Sifaniyanci, zane da ɗaukar hoto, na wata uku, aka ga riƙon abu a kansu ya ƙaru sosai. Mutanen kaɗan ne, amma Ɗan Auta, ka gaya wa Mama.

Mai Shaguɓe: Ni na san masu gemu har ƙirji da fanni ɗaya tak suka ƙware a kai: sauya sheƙa.

Direba Mai Ritaya: Su ai ƙwaƙwalwarsu ce abin bincike. Ana rantsar da mutum alkawari ya goge, sai bayan shekara huɗu ya dawo da kansa, ba allura ba magani.

Mai Shaguɓe: Wani ma sunan makarantar da ya yi ya manta.

Tsohon Hedimasta: Ku dai ku bar siyasa. Ni labarin Kaka ya ƙara mini ƙarfi ne: ta zauna gaban jikarta, kunya ta ajiye. Kuma ɗaya bayan ɗaya ta bi su, ba ta haɗa ba.

Jikar Kaka: A'a Malam, lissafi da keken ɗinki tare ta yi su.

Ɗan Auta: Na gode, duk da kun ƙara rikita ni. Baba ya mayar da agogon, yana tafiya, sai dai yana gaba da minti arba'in, kuma kusoshi biyu sun rage a kan tebur. Mama ta ɓoye rediyonta.

Uwar Biyu: Wai ni "ba ta taunuwa" ne ko "ba sa taunuwa"? Mu dai na biyun muka taso muna ji.