Me ya sa amfanin gonar Lafite yake da tsada haka?

Aminu Zariya:
Assalamu alaikum, jama'a. Ina karatun tattalin arzikin noma, kuma a darasinmu na yadda sunan wuri yake ƙara wa amfanin gona daraja an kawo misalin Château Lafite Rothschild, gonar inabi da ke Pauillac a yankin Bordeaux na ƙasar Faransa, wadda ta yi suna wajen jar giyar inabi. Ni Musulmi ne, ba shan ta ne ya dame ni ba. Abin da nake son fahimta shi ne dalilin da ya sa kwalba ɗaya daga wannan gona take ninka ta maƙwabtanta kuɗi sau da yawa, alhali rana ɗaya ce take dukan gonakin, ruwan sama ɗaya suke sha. Ƙasar ce ta bambanta, ko kuwa suna kawai ake saye?

Malam Isuhu:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Ƙasar tana da nata rabon, kuma daga nan ya kamata a fara. Yankin Médoc, inda Pauillac take a gaɓar Gironde, babbar mashigar ruwa da ke kaiwa teku, fadama ce a da, sai a ƙarni na 17 ƙwararru 'yan Holan suka janye ruwan, tuddan tsakuwa suka samu damar nomuwa. Tsakuwa ba ta riƙe ruwa, saboda haka dole saiwar inabin ta nutsa ƙasa sosai, 'ya'yan su fito ƙanana masu kaurin ɓawo, kuma a cikin ɓawon ne launi da ƙarfin da ke sa abin ya daɗe bai lalace ba suke. Irin da ya fi yawa a gonar shi ne Cabernet Sauvignon, sai Merlot yana bi masa.

Sai dai abin da ya fi burge ni a matsayina na manomi shi ne yawan abin da suke ƙin sa wa babban sunan. Gonar ta haura hekta 100, amma ba duk abin da aka girbe ake kira Lafite ba. Wanda bai kai ba sai a sayar da shi da suna na biyu, wato Carruades de Lafite, a kan kuɗin da bai kai na farko ba. Wanda aka zaɓa kuma sai ya kwanta fiye da shekara guda a cikin sababbin gangunan katako masu cin lita 225, waɗanda ake haɗawa a gonar. Ko a lokacin da ƙwaron filoksera, mai cin saiwar inabi, ya cinye gonakin Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, ba su sauya iri ba, sun yi wa inabinsu aure ne da saiwar inabin Amurka, kamar yadda muke yi wa mangwaro.

Malama Hadiza:
Ban musa bayanin Malam Isuhu ba, amma a ganina ya ba ƙasa fiye da haƙƙinta. Akwai gonaki a Pauillac da ke kan irin wannan tsakuwa, suna kuma yin aiki da irin wannan kulawa, duk da haka farashinsu bai kusanci na Lafite ba. Asalin tazarar yana cikin wata takarda ta shekarar 1855. A wannan shekara Sarki Napoleon na Uku ya shirya baje kolin duniya a Paris, sai majalisar 'yan kasuwar Bordeaux ta nemi dillalai su jera gonakin daraja-daraja. Dillalan sun duba farashin da kowace gona ta saba samu shekara da shekaru, suka raba su hawa biyar, suka sa huɗu kacal a hawa na farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Tun daga ranar babban canji ɗaya aka yi, lokacin da aka ɗaga gonar Mouton Rothschild zuwa hawa na farko a 1973. Ke nan farashi ne ya haifi matsayin, daga baya kuma matsayin ya koma yana riƙe farashin.

Shekara 13 bayan wannan jeri, a 1868, Baron James de Rothschild na gidan masu banki ya sayi gonar, kuma har yau tana hannun zuriyarsa. Iyalin da ke da irin wannan dukiya suna iya jure mummunar shekara ba tare da sun zubar da suna don neman kuɗin gaggawa ba. Daga baya kwalbar ta zama kadara da ake ajiyewa domin a sayar. A 1985 an yi gwanjon wata kwalbar Lafite a Landan a kan fam 105,000 bisa iƙirarin cewa ta 1787 ce kuma mallakar Thomas Jefferson ce, shugaban Amurka na uku, iƙirarin da masana da yawa suka ƙaryata daga baya. Da attajiran ƙasar Sin suka shigo kasuwar, farashin ya yi tashin gwauron zabo, jabu kuma ya yawaita.

Abdu Maraɗi:
Malam Aminu, tunda darasinku na sunan wuri ne, kada ka manta da doka. Tun 1936 sunan Pauillac yake da kariya a Faransa, ba mai ikon rubuta shi a kwalba sai wanda ya noma inabinsa cikin iyakar da aka shata, da irin da aka amince, ba tare da ya wuce yawan amfanin da aka ƙayyade wa kowace hekta ba. Haramcin giya a wurinmu a bayyane yake, amma wannan tsari bai tsaya ga giya ba. A nan Nijar an yi wa kilishi da albasar Galmi rajista irin wannan a hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar suna da fasaha a wasu ƙasashen Afirka. Abin da ya rage mana shi ne sashen da Malam Isuhu ya ambata, wato a samu masu duba buhu kafin ya bar gari, waɗanda za su iya hana shi sunan Galmi idan albasar da ke ciki ba ta kai ba.