Littafin haɗin ƙyalle ya ɗaure min kai, taurarona sun ƙi yin tsini

Maman Hanan, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗinki, dan Allah a taimaka min da shawara don wlh abin ya dame ni. Wata biyu da suka wuce na je Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta nan Jidda, neman labule sai na tsinci wani tsohon littafin Turanci a cikin kwalin littattafai, riyal biyar na saye shi. Littafin na haɗin ƙyalle ne, irin lihafin nan na Amurka da ake yayyanka yadi ƙanana a haɗa gida-gida sannan a jera gidajen su zama bargo guda, kowane shafi zane ɗaya da awonsa a ƙasa.

Dalilin da ya sa na damu da shi, Inna ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, da aka raba kayanta zannuwa bakwai suka faɗo min, duk atamfa, wasu tun daga Kano ta zo da su sun sha wanki har sun yi laushi kamar auduga. Na kasa ɗaurawa na kuma kasa bayarwa. Sai na ce bari in haɗa wa Hanan lihafi da su ta tafi da shi ɗakinta in Allah ya kai mu bikin.

Na zaɓi wani tauraro, littafin ya kira shi Tauraron Ohayo, gida tara ne uku-uku, biyar murabba'i ne kawai, huɗun kuma kowanne sambusa huɗu ne aka haɗa, wato ƙyalle mai kusurwa uku. An rubuta inci 12, a yanka murabba'in inci 4 da rabi, na sambusar kuma inci 5 da kwata a raba shi kusurwa zuwa kusurwa sau biyu. Ni santimita (santi) na saba da shi, yarona ya buga min a waya ya ce 11.4 da 13.3, haka na yanka, na hau keke na ɗinka yadda nake ɗinka riga. Da na zo haɗawa sai gidajen sambusar suka fito ƙanana, wajen 10.5, ga na kusa da su 11.4, na ja na ja suka haɗu da ƙyar amma duk ya tattare, tsinin tauraron kuma ɗinki ya cinye shi. Sau uku ina gwadawa, na ɓata kusan rabin koren zanin da take zuwa Harami da shi, ranar sai da na ajiye almakashin na yi kuka. Littafin ne ba daidai ba ko ni ce ban gane ba? Kuma me ake sawa a tsakiya a garin nan namu mai zafi?

Telan Shari' Mansur, Makka:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Inna ya sa aljanna makoma. Kafin komai ki ninke sauran zannuwan ki mayar akwati, kar almakashi ya sake taɓa su sai kin yi gida ɗaya ya fito daidai da wani tsumman da ba ki damu da shi ba.

Littafin bai yi kuskure ba, yankanki ma daidai ne, alawus ɗin ne. Mu teloli hannunmu ya saba barin santi ɗaya ko ɗaya da rabi a bakin ɗinki saboda a samu na buɗawa in riga ta matse. Su masu wannan aikin kwatan inci suke bari, ya'ani mili 6 da 'yan kai, kuma duk lissafin littafin a kan kwatan nan aka gina shi, sau da yawa a farkon littafi kawai ake faɗa sau ɗaya ba a ƙara maimaitawa. Duba ki gani, gidan da zai zauna inci 4 an ce ki yanka 4 da rabi, rabin nan kwata ne a dama kwata a hagu. Na sambusa huɗu an ƙara inci 1 da kwata saboda ɗinkin a karkace yake tafiya, ya fi cin yadi. To da kika bar santi ɗaya, shi murabba'in kafin a haɗa yana nan 11.4 ɗinsa babu abin da ya taɓa shi, amma gidan sambusa ya riga ya sha ɗinki biyu a karkace sun cinye masa kusan santi 2.8, cire daga 13.3 ki ga, 10.5 ɗin da kika auna ke nan. Tsinin ma haka, tunda girman gidajen ya bambanta kika ja su suka haɗu da ƙyar, dole ɗinki ya sare kansa.

Mafita biyu ce. Ta farko ki sayi rula mai inci, inci ɗaya santi 2.54 ne amma kar ma ki riƙa juyawa, ki zauna cikin inci tun daga yanka har ɗinki. Ki sauke allura, ki auna kwatan inci daga allurar zuwa dama, ki manna salatif mai kauri a kan farantin keken ya zama katanga, bakin yadi ya riƙa bin jikinsa. Kar ki yarda da faɗin ƙafar keke don kowace da nata faɗin. Gwaji kuma, ki yanka tsiri uku kowanne inci 1 da rabi ki haɗa su ki goge, na tsakiya dole ya auna inci ɗaya cif, in bai kai ba ki matsar da salatif ɗin.

Ta biyu in santin ya fi miki sauƙi ki bar awon littafin gaba ɗaya ki ɗauki zanen kawai. Ki mai da tauraron santi 30, kowane gida santi 10, alawus mili 7 da rabi. Murabba'i ki ƙara 1.5, wanda za a raba sambusa biyu ki ƙara 2.5, na sambusa huɗu ki ƙara 3.5. Ke nan ki yanka 11.5 da 13.5. Abin da ba a yi shi ne a yanka da lissafin wancan a ɗinka da alawus ɗin wannan.

Maman Hanan, Jidda:

Allahu akbar, Malam na koma shafin farko yanzu na gani, an ma zana layin da ɗigo-ɗigo an rubuta 1/4, ni na wuce shi don hotunan nake ta kallo. Allah ya saka da alheri. A ƙarshen littafin kuma akwai wasu zane na sambusa da murabba'i da aka ce a kwafa a kwali, su kuma fa?

Telan Shari' Mansur, Makka:

Ma'auni ne Hajiya. Wuƙar nan mai taya da ake yanka da ita a kan tabarmar roba sai 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita, littattafan da suka girme ta duk da kwali ake aiki. Ki lura, in zanen layi biyu ne, na ɗigo a ciki na sosai a waje, to alawus na ciki. In layi ɗaya ne ki aza rula ki auna, wasu tsofaffin ba sa sa alawus, layin ɗinki ne suke ba ki ke za ki ƙara. In za ki yi fotokofi ki ce wa mai shagon ɗari bisa ɗari, kar ya rage ya cika takarda.

Bint Kassala:

Slm yaya Maman Hanan, Allah ya gafarta wa Inna, naki ya taɓa ni sosai don nima da muka baro gida saboda yaƙin Sudan tobin mahaifiyata, wato lafayarta, guda biyu ne kawai na iya ɗaukowa. Lissafin Malam tamam ne ba ni da abin ƙarawa, amma ni ina ganin ko kin gyara alawus tauraron nan zai wahalar da ke saboda yadin tsoho ne. Sambusa in an yanka ta, gefen da aka yanka a karkace miƙewa yake yi ko a sabon yadi balle atamfar da ta shekara ashirin tana shan wanki, kina ɗan ja da hannu ko ki turza ayan a kai ta tafi halas ba ta dawowa. In dole sai shi to ki sa sitati ki bari ya bushe kafin ki yanka, guga kuma dannawa za ki yi ki ɗaga, ba gogawa irin ta riga ba.

Ki duba littafin ba zai rasa log kabin ba, wanda ake sa ɗan murabba'i a tsakiya, yawanci ja, a riƙa zagaye shi da tsiri, gefe biyu masu haske gefe biyu masu duhu. Babu karkace ko ɗaya a ciki duk miƙaƙƙen ɗinki ne. Kuma mutanen Amurka da ya yi tashe a wurinsu a shekarun 1860 da yawa a kan wani ƙyallen suke ɗinka shi, a yanka murabba'in farin yadi a ɗora tsirin a kai ɗaya bayan ɗaya, shi na ƙasan ya riƙe nauyin. Wannan ita ce dabarar da ta dace da zannuwan Inna, mu a Sudan da damuriyya, saƙin audugarmu na gida, za mu yi, ke ki nemi farin yadin auduga marar kauri a kasuwar Bab Sharif, amma ki wanke shi ki shanya tukuna don sabuwar auduga tana komawa in ta ga ruwa, tsohon zanin kuwa ya gama komawarsa tuntuni, in kika haɗa su haka wankin farko zai tattare miki aikin wata uku.

Abu ɗaya kuma, ki ɗaga kowane zani saitin taga ki duba, inda ake zama da inda ake ɗaurewa za ki ga haske na ratsawa, wannan wurin ki zagaye shi da alli kar ki sa a ciki. Kuma abin da kika ce kin ɓata na koren nan bai ɓaci ba yaya, kar ki zubar, ki farke ki yanka ƙananan murabba'ai su zama tsakiyar kowane gida, ai ba dole sai ja ba. Inda duk Hanan ta duba za ta ga zanin Haramin kakarta.

Ummu Sadiq, Madina:

Maganar abin tsakiya, kar ki kai wa munajjid, wato mai ɗinkin katifa, ya cusa miki auduga irin ta katifa, nauyi zai yi kuma ba ya wankuwa, ga danshin Jidda. Ni siririn bargon auduga na sa tsakanin saman da bayan, ya ishi sanyin mukayyif, wato AC. Da a Taif ko Tabuk za ta zauna sai in ce ki ƙara. Maƙwabciyata 'yar Pakistan ce daga Sind, su nasu ralli suke ce masa, tsofaffin kaya suke shimfiɗawa a ciki su bi da ɗinkin hannu layi-layi kusa da juna, ita ta nuna min a shimfiɗa a ƙasa a kafe da fil daga tsakiya a yi waje. In kin yi log kabin a kan farin yadi ma ya riga ya yi kauri biyu, da bayan uku, wataƙila ba ki buƙatar komai a ciki.

Lissafin yawa kuma, gida mai inci 12 in kin jera 5 a faɗi 7 a tsawo 35 ke nan, zai ba ki wajen santi 152 da 213, na gadon mutum ɗaya. Na amarya sai ki yi 7 da 7 ko ki sa masa baki mai faɗi. Atamfa turmi yadi shida ne, zanin ɗaurawa kuma wajen yadi biyu, in bakwan nan zani ɗai-ɗai ne to ki yi lissafi da kyau don tsiri yana cin alawus sosai, gara ki sayo yadi fili mai haske ya zama rabin kowane gida, zannuwan su zama ɗaya rabin, sai ma sun fi fitowa.

Baban Katsina, Jidda:

'Yata Allah ya yi albarka. Ni ba ɗinki na iya ba amma ina karantawa na ce bari in sa baki. Wannan aikin na shimfiɗa yadi a sa auduga a tsakiya a bi da allura ba baƙon mu ba ne, shi ne lifidi, wanda ake sa wa doki da mahayinsa don kibiya, har yau in kin ga hawan sallah a Katsina ko Kano za ki ga 'yan lifidi a gaban sarki, wani ma launi-launi ne an haɗa shi da ƙyalle ja da rawaya da baƙi. Ki riƙe aikin kar ki sake, in kin gama ki nuna mana.

Maman Hanan, Jidda:

Slm, na dawo bayan kwana tara. Na sayo rula mai inci na manna salatif kamar yadda Malam ya ce, gwajin tsiri ukun farko na tsakiya bai kai inci ba sai da na matsar da shi kamar kaurin zare biyu. Na yi tauraron da tsohon zanin gado ya fito inci 12 da rabi, tsininsa takwas duk suna nan, na manna shi a bango saman keke. Amma zannuwan Inna shawarar ƙanwata Bint Kassala na bi, log kabin a kan farin yadi, na wanke shi sau biyu. Na farke koren na samu murabba'i 41 masu inci 2 da rabi, gida shida na gama zuwa yanzu. Jiya Hanan ta shigo ta ga su a shimfiɗe a kan kafet, ban gaya mata komai ba, ta durƙusa ta sa yatsa a tsakiyar ɗaya ta ce Mama wannan ai na Inna ne.

Ummu Sadiq tambaya ɗaya, shuɗin cikin zannuwan Inna yana ɗan zuba har yanzu in na jiƙa farin tsumma na goga, in sa shi kusa da mai hasken ko in ajiye shi daban?

Ummu Sadiq, Madina:

Ki ajiye shi tukuna. Ki jiƙa shi shi kaɗai a bokiti ki riƙa canza ruwa har ya fito fari, ki sake gwadawa da tsumman. In ya ƙi dainawa ki yi wa Hanan rigar matashi da shi, a riƙa wanke ta ita kaɗai.