Neman shawara: gindin kariyata ya fara laushi

Maman Sadiya, Unguwar Rogo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Da damina na taho Jos da ƙaramar shukar kariya (mai kumburarren gindin nan da jan fure) daga gidanmu na Katsina, na dasa ta a tukunyar roba, na ajiye a falo. Tun shigowar hunturu ganyenta ke yin rawaya yana zubewa, sai na ɗauka ƙishirwa ce, na koma ba ta ruwa kowace safiya. Jiya na taɓa kumburarren gindinta na ji gefe ɗaya ya yi laushi. Don Allah, akwai sauran dabara, ko ta riga ta mutu?

Baban Usman, Bukuru: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwan nan ne ya cutar da ita. Kariya shukar fako ce, kuma a wannan kumburin take ajiye ruwanta. Idan sanyi ya shigo takan zubar da ganye ta huta, ba ta shan komai. Yankinmu na Jos kuwa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu ba irin na Katsina ba ne, don haka ƙasar tukunya takan daɗe a jiƙe har saiwa ta ruɓe. Ki tumɓuke ta yau, ki yanke duk inda ya yi laushi da wuƙa mai tsabta har ki kai ga lafiyayyen nama, ki barbaɗa garin gawayi, ki bar ta a inuwa kamar mako guda yankan ya bushe. Sannan ki mayar da ita tukunyar ƙasa mai huda, cikin yashi da tsakuwa da ɗan taki kaɗan.

Hajiya Babba, Gangare: 'Yata, ki sa leda a hannu kafin ki yanka, domin ruwan jikinta dafi ne, har a kan kibiya maharba suke shafa shi. Ki kawar da ita daga inda yara za su kai hannu. Ni dai ban ga dalilin kulle kariya a falo ba, alhali rana take so. Tawa a tsakar gida take, sai ruwan Agusta ya yi yawa nake janye ta ƙarƙashin rumfa.

Maman Sadiya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, ashe tukunyar ma ba ta da huda ko ɗaya.