Abin da aka tattauna kan wuraren hutawa a Kano

Jama'a, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro:

1. Inuwa. Nan babu wanda ya musa. Bencin siminti a tsakiyar rana cikin Afrilu ba ya zaunuwa, shi ya sa dattawa ke shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya su bar shi. Wasu sun kawo binciken William Whyte, wani Ba'amurke mai nazarin birane, wanda ya girka kyamara a dandalolin New York a shekarun 1970, ya ga mutane na taruwa ne inda akwai wurin zama da mai sayar da abinci. Mu ma mai shayi ke tara majalisa.

2. Mata sun ce in babu banɗaki, ruwa da fitila, ba za su kai yara ba. Wannan ya fi taɓa ni.

3. Cike kududdufai da yanka filaye ana shaguna na ƙara ambaliya. An yarda.

4. Kuɗin shiga, irin na Gidan Zoo, nan aka rabu. Wasu sun ce da shi ake shara da biyan maigadi, wasu sun ce mai 'ya'ya bakwai ba zai iya ba.